Makina Goma Sha Ɗaya

Ni Mas'uda, har yau in na tuna ranar Larabar nan sai in ji wuyana ya ɗau zafi. Kafin ku ce na cika rigima, ku bari in ɗauko muku zancen daga tushe, in ya so kowa ya yanke mini hukuncinsa. Na san wasunku za su ce a kan wasan kwamfuta na yi wa saurayi tijara. Innata ma haka ta ce, kuma ita ta haife ni.

A shekarar dubu biyu da bakwai ina aiki a shagon yayana Najmuddeen da ke bakin titi a Azare, inda muke buga takardu da fotokofi. Ni ce mai taifin. Daga safe zuwa azahar ɗalibai da masu neman aiki ba sa bari in sha ruwa, amma da rana ta take sai shagon ya yi tsit. Yaya ya tafi neman abinci, ni kuma in ja kujera gaban tsohuwar kwamfutar da ke kusurwa, wadda fankarta ke kuka kamar injin markaɗe. A cikinta akwai wani wasa da Izzuddeen ya sa mini daga faifan da ya sayo a Kano.

Izzuddeen shi ne saurayin nawa. Mai gyaran kwamfuta ne, dogo, ma'abocin shadda ruwan toka da hula zanna, kullum da ƙaramar sukudireba a aljihun gaba. Shekara biyu yana zuwa zance gidanmu, kuma ba zan yi muku ƙarya ba, ina son sa. A makon da nake ba ku labari an riga an tsayar cewa ranar Juma'a manyansa za su zo neman aurena wurin Bappa, ƙanin mahaifina, wanda yake tsaye a kanmu tun rasuwar Baba. Kwana biyu suka rage.

Ga yadda wasan yake, don waɗanda ba su taɓa gani ba. Mutum ɗaya za ka zaɓa ka shiga da shi ƙasar dodanni, kana yaƙi kana hawa mataki. Akwai mai takobi, akwai mai baka, akwai mai kira. Ni mai kira na ɗauka, wata 'yar siririya mai sanda, na raɗa mata suna Gumsu. Gumsu ba ta dukan kowa. Dabbobi take kira su yi mata yaƙi, hankaki su tsone wa dodo ido, kyarketai uku su kewaye shi, ita tana daga baya tana nuna musu inda za su nufa. Duk matakin da ka hau, wasan zai ba ka maki ɗaya ka saka a fasahar da kake so ta ƙaru. To a nan gizo ke saƙar: makin da ka saka ya saku ke nan. Ba a cirewa, ba a canja masa wuri, kamar gishiri a miya.

Fasahohin kirki kuwa ba sa buɗewa sai a mataki na talatin. Biyu nake hari. Ɗaya ƙaton bijimin dutse ne da zai tsaya a gaba ya tare duka, ɗayar kuma tana ƙara wa dabbobin duka jini da ƙarfi a lokaci guda. Na zauna da biro a bayan wata takardar fotokofi da ta lalace na tsara komai, shida na bijimi, biyar na garke. Tun daga mataki na sha tara na daina taɓa maki, ina ta tarawa. Wata biyar Gumsu na yawo da raunanan kyarketai, a kashe mini su in sake kira, a ɗauke wuta ana tsakiyar yaƙi in dawo in tarar na koma baya. Na cije. Goma sha ɗaya na tara, kuma ranar Larabar nan saura ƙiris in taka talatin.

Ba da kaina na koyi wannan haƙurin ba. Mu asalinmu mutanen ruga ne ta wajen Gamawa, kuma ranar sunana Baba ya ba ni karsana, kamar yadda ake yi wa duk wanda aka haifa a danginmu. Tana hannun Bappa ta haihu, 'ya'yanta suka haihu. Duk hutun makaranta can ake kai ni, kuma karatun da Bappa ya fi maimaita mini shi ne ba a taɓa karsana don kwaɗayin yau, garken gobe ne a cikinta. Shi ya sa makin nan suna ƙyalli a gefen allo amma ba sa tsone mini ido.

Izzuddeen kam suna tsone masa. Shi da mai takobi yake wasa, kullum yana gaba yana sara kamar mahauci ranar Sallah.

"Ke wai wane irin wasa ne wannan?" in ji shi, duk ranar da ya leƙo shagon. "Kin koma baya kamar uwar biki, karnuka na yi miki aiki. Ga maki kin jibge kamar da su za a binne ki."

"Ba karnuka ba ne. Kuma ka bar mini kayana, na san abin da nake yi."

Na faɗa masa haka ya fi sau biyar. Har takardar tsarin nawa na taɓa nuna masa, ya karanta yana murmushi, ya ce rubutuna yana da kyau.

Ranar Laraba wajen ƙarfe biyu Inna ta kira ni ta ce tela ta kawo ɗinkin da zan sa ranar Juma'a, in zo a gwada kafin ta tafi. Na dakatar da wasan, ban rufe ba, na ja mayafi na tari acaba. Atamfa ce shuɗiya mai zanen ganye, riga da zani da ɗankwali, an yi wa wuyan aiki da farin zare. Ta yi mini kyau, wannan ba zan ɓoye ba. Ina tsaye gaban madubin Inna, tela na soka mini fil a kafaɗa, sai 'yar wayata mai tocila ta yi ƙara a kan gado.

"Slm gimbiya. Na zo duba firinta na tarar ba kya nan. Na gyara miki yarinyarki, yanzu ta zama jaruma. Ba sai kin gode ba."

Saƙon Izzuddeen ne. Ban san lokacin da na tuɓe rigar ba, fil ya karce ni a wuya ban ji ba, Inna na kira ina saka takalmi.

Na tarar da kwamfutar a kashe. Wasan kuwa da ka fita yake adana duk abin da ka yi. Na kunna, na jira ta gama kukanta, na buɗe shafin fasahohi. Gefen allon da makina suke ƙyalli babu komai. Duka goma sha ɗayan ya zuba su a sandar wuta, wata fasaha da Gumsu ke jefa wuta da hannunta, wadda tun da na fara wasan ban taɓa waiwayarta ba. Na gwada, don kada in zalunce shi. Kafin wutar ta kai ga dodo sai Gumsu ta matso gaba, ita kuwa ba a gina ta don gaba ba. Duka biyu aka yi mata ta faɗi. Na sake gwadawa, ta sake faɗuwa. Hoton bijimina yana can ƙasan shafi, dishi-dishi, ko na kai talatin yanzu maki ɗaya tal zan iya ba shi.

Wallahi ji na yi kamar an shiga ɗakina an zazzage akwatina a tsakar gida.

"Yaya, kana zaune ya taɓa mini?"

Yaya Najmuddeen ya ɗago daga injin fotokofi. "Na gan shi yana danne-danne, na ɗauka ke kika sa shi." Ya matso ya leƙa fuskata. "Mas'uda, kuka kike? A kan katun?"

Na ja mayafina na fice, don in na buɗe baki a lokacin, abin da zai fito ba na ƙanwa ba ne.

Sau uku Izzuddeen ya yi mini filashin ban kula ba. Bayan la'asar sai ga ƙarar babur ɗinsa a ƙofar gida. Na fita zaure da tsohon hijabina mai ruwan ƙasa wanda nake wanke-wanke da shi, ba hoda, ba kwalli, ko ruwa ban kai masa ba. Yana zaune a kan tabarma ya sha sabuwar shadda, ƙamshin turarensa ya cika zauren, ga leda da tsire a gefensa.

"Ranki ya daɗe, yau kuma fushi ake da ni?"

"Wa ya ce ka taɓa mini maki?"

Ya yi dariya. Ku ji fa, dariya ya yi.

"Au, wai shi ne? Haba gimbiya. Na ga kina shan wahala ne, kullum ana kashe ki. Yanzu ko ba karnukan za ta iya kare kanta."

"Duka biyu ake mata ta mutu. Ka gwada kafin ka fita?"

Ya ɗan sosa ƙeya. "To sai an ƙara mata sulke. Zan nemo miki."

"Na ce ka bari, ko ban ce ba?"

"Kin ce."

"To me ya sa?"

"Saboda ba ki san wasan kamar ni ba, Mas'uda. Ni fa na sa miki shi." Ya sassauta murya, irin wadda yake yi in yana so in yi murmushi. "Abin da aka ajiye ba a mora ai asara ne. In ya dame ki, ki buɗe sabuwa, sati biyu ni zan kai miki ita talatin."

"Wa ya ce ina so a kai mini? Wata biyar na yi ina kiwon abin nan da hannuna."

"Wasa ne fa."

"In wasa ne me ya hana ka bar mini wasana?"

Ya tura mini ledar tsiren. "Ke dai kin iya ajiya, ni kuma na iya juyawa. Shi ya sa Allah ya haɗa mu. In mun yi aure irin waɗannan abubuwan duk ni zan riƙa duba miki, ki huta."

Har ya tashi bai ce in yi haƙuri ba. Na jira kalmar nan kamar mai jiran a kawo wuta, ba ta zo ba. Na bar masa tsirensa a kan tabarma na shige gida.

Inna tana tsakar gida tana suyar cincin ɗin baƙi, kuma ta ji komai, don zaurenmu ba ya riƙe sirri.

"Zo nan, 'yar nema. Me na ji kina yi wa yaron nan?"

Na gaya mata. Na yi ƙoƙarin bayyana mata maki da bijimi da mataki, tana juya cincin tana kallona kamar na fara taɓuwa.

"Yanzu a kan aljanun cikin kwamfuta za ki ɗaga wa mijin aure murya? Unguwa duk ta ji jibi za a zo. Na aika Misau an gaya wa 'yan'uwana. Yaro ba ya shaye-shaye, ba ya yawon banza, ga sana'a a hannu. Namiji ai haka yake, in ya ga abu a karkace sai ya miƙe shi."

"Inna, ba a karkace yake ba."

"To ya karkace. Sai me? Ciwo ya ji miki? Ki kiyaye ni, Mas'uda, kada ki sa in ji kunya a garin nan."

Na shiga ɗaki na tarar an ninke shuɗiyar atamfar an ɗora a kan matashina. Na ture ta gefe. Abin da ya fi ci mini rai shi ne na kasa gaya wa kowa dalilin fushina ba tare da ya yi dariya ba, har ni kaina na fara tambayar ko dai haukan nake.

Ranar Alhamis da hantsi Bappa ya iso daga Gamawa. Da yake shagonmu ba nisa da tasha, nan ya fara yada zango, da malfarsa da sandarsa da goran fura da matarsa ta aiko wa Inna. Na durƙusa na gaishe shi, ya dube ni sau ɗaya.

"Wannan ba fuskar wadda za a zo nema gobe ba ce. Me aka yi miki?"

Yaya ya riga ni. "Bappa, rabu da ita. Angon ne ya taɓa mata wasan yara a kwamfuta, shi ne take ta kumburi tun jiya."

"Nuna mini," in ji Bappa.

Na ɗauka gatse ne, sai na ga ya ja benci ya zauna ya ɗora malfa a gwiwa. Mutumin da ko rediyo sai an kama masa tasha. Na kunna, na kira hankaki, na kira kyarketai, suka fito suka kewaye Gumsu. Na nuna musu wani dodo suka ruga, na janye su suka dawo.

"Waɗannan naki ne? Suna jin kiranki?"

"Suna ji, Bappa."

"Ashe kiwo kike yi a cikin akwatin nan."

Nan take idona ya kawo ruwa, don tun jiya shi ne mutum na farko da ya ga abin da nake gani. Na buɗe masa shafin fasahohi. Na ce masa maki kamar karsana ne, in ka haƙura da su sai su ba ka bijimin da zai tsare garke duka, ni kuma goma sha ɗaya na tara, wani ya zo ya kashe su rana ɗaya a kan abin da ban nema ba, kuma ba sa dawowa.

"Bai tambaye ki ba?"

"Hana shi ma na yi."

Bappa ya ƙara duban allon. Sai ya juyo.

"To ni ma ina da tambaya. Da na so in bari sai mun je gida, amma gara a nan. Ke kika aike shi wurina?"

"Wurinka? Yaushe?"

"Makon jiya ya zo ruga a kan babur, shi da wani dillalin shanu. Ya ce kun gama magana, bayan biki za a sayar da Goshi da karsana biyu a buɗe shagon intanet, wai shanu na tsaye a daji ba sa amfanar kowa. Dillalin har ya buɗe bakin Goshi yana duba haƙora."

Goshi jikar karsanar da Baba ya ba ni ce, mai farin tabo a goshi, kuma a lokacin ciki gare ta. A duk abin da Baba ya bari, ita kaɗai ce zan dafa in ce wannan da bakinsa ya ce tawa ce.

"Ni ban amince musu ba," in ji Bappa. "Na ce dukiyar Mas'uda ce, sai na ji daga bakinta."

Na juya wurin Yaya. Ya sunkuyar da kai yana gyara takardun da ba su buƙatar gyara.

"Ya taɓa yi mini zancen," ya ce a hankali. "Na ɗauka kun gama."

Kun ji ko? Jiya ya ɗauka ni na sa shi, yau ya ɗauka mun gama. Kowa ɗauka yake yi, ba mai tambaya sai tsohon da ya taso daga daji. Na ciro waya na rubuta wa Izzuddeen: "Ka je Gamawa da dillali?" Ko minti biyu ba a yi ba amsa ta shigo.

"Wa ya gaya miki? So na yi sai komai ya kankama ki gani da idonki. Don gobenmu ne gimbiya. Za ki gode mini."

Na karanta wa Bappa. Ya sa malfarsa ya ce Yaya ya raka shi gida.

Da suka fita na zauna gaban kwamfutar. Ban goge Gumsu ba, ba laifinta ba ne. Na buɗe sabuwar mai kira daga mataki na ɗaya, ba sulke, ba kyarkeci ko ɗaya, na kashe ƙananan dodannin bakin gari har aka ba ni makin farko na sa a hankaka. Ina yi ina share hawaye, don in gaya muku gaskiya son Izzuddeen bai fita daga raina ba. Na tuna ranar da ya tura babur ɗinsa a ƙasa tun daga kasuwa don kawai ya yi tafiya a gefena. Mugu ba ya haka. Shi dai a ganinsa duk abin da na riƙe, jira yake ya zo ya gyara.

Ranar Juma'a gida ya cika da ƙamshi tun safe. An share zaure an shimfiɗa sabuwar darduma, an jera lemo a cikin bokitin ƙanƙara, cincin a manyan kwanuka. Inna ta sa leshinta na zuwa biki, ta leƙo ɗakina sau uku tana tambayar me ya sa ban sa atamfar ba. Bayan an sauko daga masallaci muka ji tsayuwar mota, sai sallamar dattawa, sai Yaya yana yi musu iso.

Bappa bai tafi zaure ba. Ya shigo ɗakin Inna ya sa aka kira ni. Na durƙusa a bakin gado.

"Sun iso, da goronsu da alewarsu," ya ce. "Ban ba su ke ba tukuna. Me zan ce musu?"

"Haba Malam, wace irin tambaya ce wannan?" in ji Inna. "Ai an gama magana."

"Ba a gama ba. Ita ba a tambaye ta ba."

Inna ta dube ni, idonta na roƙona. Na ga cincin ɗin da ta kwana biyu tana soyawa, na ga 'yan'uwanta na Misau da za su ji labari, na san watanni za ta yi ba ta sake mini fuska ba. Na kuma san wannan amsar irin makin nan ce, in na saka ta ba ta ciruwa.

"Bappa, ka ba su haƙuri, su koma da goronsu. Goshi kuma kada wanda ya sake buɗe mata baki."

Inna ta zauna daɓas a kan gado ta dafe kai tana salati. Bappa ya dube ni, ya gyaɗa kai sau ɗaya, ya ɗauki sandarsa ya nufi zaure.

Bai kai ƙofa ba wayata ta yi ƙara a cikin hijabi.

"Sun iso ko? Albishirinki gimbiya, na riga na kama mana shagon, har na sa a rubuta sunanki a allo."

Na kife wayar a kan tabarma. Daga zaure na jiyo Bappa yana yi wa baƙin sallama.